Ruwan da Aka Hana Innarka

Dungas, Talata, 12 ga Maris 1957, ƙarfe tara da kwata na safe.

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya kamar yadda na tashi. Ubangiji ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe. Ka gaida Baffanka Mamman da dukan mutanen gidansa, ka ce na iso lafiya jiya da yamma.

Ina zaune a bayan ɗakin sujada, ƙarƙashin gawo, takarda a kan gwiwata. Yau kwana goma sha ɗaya da aka ba ni takardar gama makarantar masu bishara, kwana uku kuma da muka rabu a zauren Baffanka a Magariya. Wani mai raƙumi zai tashi bayan azahar, ya yi mini alkawari zai danƙa maka wannan a hannu gobe. Jibi Alhamis da hantsi kamyo, babbar motar kaya, zai ɗauke ka zuwa Damagaram, daga can ka wuce Yamai koyon aikin anfirme, wato jinya a asibiti. Ina da awa huɗu ke nan, ko ƙasa da haka, in faɗi abin da na kasa faɗa a gabanka.

Ran Asabar na tambaye ka, kamar yadda na sha tambayarka a takarda, ko za ka yarda a yi maka baftisma kafin ka yi nisa. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, ruwan da Bature ya hana Inna, ni ba zan shiga ba." Baffanka ya yi gyaran murya ya ce a kawo fura. Aka kawo. Har furar na sha. Shekarata arba'in da shida, uku daga ciki na yi su ina koyon tsayawa gaban jama'a in yi magana, amma ran nan bakina ya ƙi buɗuwa. A maganarka akwai kuskure guda, kuma ni na bar ka da shi kusan shekara takwas. Ka yi haƙuri in fara daga farko, don in na tsallake wani abu zan ji kamar na sake yi maka ɓoyo.

Kana goye muka baro ƙauyenmu na wajen Yekuwa. Gyambo ne a ƙafata ta hagu ya ƙi jin magani, aka ce akwai Baturen mishan a Dungas mai wanke miki. Shi ne wanda mutane suka laƙaba wa Mai Tabarau. Wata biyar yana wanke mini ƙafa da hannunsa kowace safiya, da rana kuma yana koya wa masu jinya karatun boko. Ƙafa ta warke, ban koma gida ba. Na ba da gaskiya ga Almasihu, aka ba mu wuri muka kafa bukka biyu da dangar zana. Ba za ka tuna farkon gidan ba, amma za ka tuna zogalen da ke bakin ƙofa, da kajin Innarka da take kira da suna ɗaya ɗaya. A lokacin ita tana nan kan sallarta. Da na fara haɗa baƙi ta fara kirana Malam don tsokana, sunan ya bi ni har yau.

A ikkilisiyarmu ba a yayyafa ruwa, sai an nutsar da mutum gaba ɗaya. A ƙasar nan kuwa ruwan da zai kai wa babba ƙirji sai a tafkin gabas, shi ma sai ƙarshen damina. Saboda haka Lahadi guda ce a shekara ake baftisma, lokacin da aka fara girbin gero. Har yanzu in na rufe ido ina ganin safiyar da aka yi mini. Bado ya rufe gefen ruwa. An roƙi Fulani sun janye shanunsu zuwa wancan ƙetaren. Mutanen gari sun cika gaɓa suna kallo, wasu suna dariya suna cewa yau za a yi wa mutanen Bature wankan shekara. Mu biyar ne. Da na ɗago daga ruwa na ji kamar an sauke mini dami daga ka. Ban taɓa jin daɗi irin na ran nan ba, kuma ba na so abin da zan faɗa a gaba ya sa ka zaci na raina ta.

Ga kuskurena na fari. Da yamma na koma tafkin ni kaɗai na cika gora, na toshe bakinsa, na rataye a saman ƙofa. Na tashi a gidan da ake wanke allo a sha, ake ɗinke laya a ɗaura wa yaro, sai na ɗauka ga nawa rubutun na samu, wanda ya fi na kowa ƙarfi. Da shuka ta zo na yayyafa wa iri. Da ƙyanda ta kama ka, kana shekara huɗu, na sauko da goran zan ba ka. Innarka ta riƙe mini hannu.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Ruwan da aka yi mini baftisma."

"Ruwan da shanu ke fitsari a ciki?"

"Yanzu ya bambanta."

"To ka bar rubutun allo ka koma rubutun kwaɗi. Yaron nan dai ba zai sha ba."

Ina fita ta juye shi a gindin zogale. Na yi kwana biyu ban ci tuwonta ba. A na uku ta ajiye mini akushi ta ce, "Ashe wankan bai kai ciki ba. Fushin nan shi ne wanda na aura, ko kaɗan bai jiƙa ba." Na so in yi faɗa, dariya ta riga ni. Gaskiya ta faɗa. Na fito daga tafki da zuciyata mai zafi yadda na shiga da ita, kuma abin da ya ragu daga baya ya ragu ne a hankali, da addu'a da jin kunya, ba a safiya guda ba.

Saboda haka, ɗana, duk abin da hannunka zai iya ɗauka ya rataye, kada ka sa ranka a kansa. Za ka shiga aikin kwalabe da allurai. Mutane za su dube su yadda na dubi goran nan, wata rana kai ma za ka fara. Ka yi aiki da su da kyau, ka san iyakarsu.

Innarka ba ta biyo ni don ni ba. Shekara uku tana kallona tana auna ni. Wata Lahadi kawai na ga ta shigo ta zauna a bayan mata. Ba ta yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Karatu bai zauna mata ba, amma duk waƙar da aka yi sau biyu ta riƙe ta, tana daka tana yi, har maƙwabta da ba masu bi ba suka iya wasu ba su sani ba. A rijiya ta sha wuya. Mata suka daina haɗa guga da ita. Akwai wata tsohuwa da ta fi kowa zaginta, da ciwon baya ya kwantar da tsohuwar, Innarka ce ta riƙa kai mata tulu biyu kullum har ta tashi. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ƙishirwa ba ta san wanda ya zage ni ba."

Ta shiga ajin baftisma ta yi shekara biyu cur, kamar yadda doka take. A ƙarshe akan zaunar da mutum gaban dattawan ikkilisiya a yi masa tambayoyi. Hausar Mai Tabarau tana yi wa mata wuyar ji, don haka ni aka sa nake tambaya, ni kuma ke riƙe kaye, littafin da ake rubuta sunaye. A gida na gwada ta ba sau ɗaya ba, tana tuƙa tuwo tana amsawa, ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a ce, saura kwana biyu baftisma. Dattawa uku suna kan tabarma, Mai Tabarau yana kan kujera, ni ina tsaye da kaye. Mata shida ne. Na so in rubuta bakwai, na duba kayen yanzu, shida ne. Ita ce ta huɗu. Ta shigo ta durƙusa, ta ja zane ta rufe rabin fuska. Na ce, "Habsu, wane ne ya cece ki?" Ka sani, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunanta a gaban maza ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga murya ta amsa mini a gabansu ba. Tarbiyyar gidansu ke nan, kuma ina alfahari da ita a kowace rana ban da wannan. Ta yi shiru. Na sake tambaya. Leɓenta ya motsa, ba wanda ya ji. Na yi tambaya ta biyu da ta uku, tana ta wasa da bakin tabarma. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi murmushi ya ce, "Kunya ce. A sa wani ya tambaye ta."

Da ta fita, Mai Tabarau ya cire tabaransa ya ce, "Malam Issufu, ni na san matar nan. Duk gari ya san ta. A ganina a karɓe ta."

Ga abin da na ce, ban ƙara ba ban rage ba: "In aka sassauta mata, za a ce don matata ce. Bara mun mayar da mutum biyu a kan abin da bai kai wannan ba. A bari sai baɗi."

Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce na tabbata. Dattawa suka ce tun da maigidanta ya faɗa, shi ke nan. Na ja layi a kan sunanta da hannuna. Layin yana nan, ina kallonsa yanzu.

Wannan shi ne kuskuren da ke cikin maganarka. Bature bai hana Innarka ruwa ba. Shi ya roƙa mata. Ni na hana.

A hanyar gida tana bayana da taki uku, kamar kullum. Sai da muka wuce rijiya ta ce, "Malam, abin da ka tambaye ni a gaban mutane, ba ka san amsarsa ba tun a gida?" Na ce doka ce, ba a yi ta don mutum ɗaya ba. Ta ce, "To." Ba ta sake tayar da zancen ba. Ran Lahadi ta riga kowa zuwa tafki. Ita ta riƙe wa matan nan biyar busassun zannuwa, duk wadda ta fito ta lulluɓe ta, ita ce kuma ta ɗauko waƙa. Kana tsaye kusa da ita, shekararka tara. Mutane suka yi ta yaba mini, wai Malam Issufu ba ya son kai, ko matarsa bai ɗaga wa ƙafa ba. Na ji daɗin yabon. Wannan ma dole in rubuta.

Ka kula da wannan, don jinina ne a jikinka. Akwai tsananin da mutum ke yi don gaskiya, akwai wanda yake yi don a ce shi mai gaskiya ne. Daga waje kamarsu ɗaya. In ka ga za ka tsananta wa wani, ka tambayi kanka wa kake so ya gani. In kuma ka san abu a gida, kada ka yi kamar ba ka sani ba don kana gaban manya.

Wata shida bayan haka, da zafin bazara, sanƙarau ya shigo gari. Ran Litinin ta ce kanta yana sarawa, kafin yamma wuya ya ƙage. Na kai ka gidan maƙwabta don kada ka ɗauka, shi ya sa ba ka ga abin da zan faɗa ba. Mai Tabarau ya tafi taron mishan, sai bayan mako uku zai dawo. Ran Talata da hantsi hankalinta yana nan sarai. Ta kira ni.

"Malam, ba ruwa a tafki ko?"

"Ya ƙafe. Tubali ake bugawa a ciki."

Ta juya ido wajen ƙofa, don wuya ba ya juyuwa. "Randa fa?"

Randar tana nan cike, ni na cika ta da safe, moɗa tana kife a kan murfi. Na ce, "Ba a yayyafawa, sai an nutsar da jiki duka. Kuma ni ba a ba ni izini ba." Duka biyun gaskiya ne. Na sha duba su, ba ƙarya a cikinsu.

Sai ta ce, "To, bari. Shi Ubangiji ai ya ji amsata." Daga nan ta ce in yi mata waƙa. Ka san muryata. Na yi, ta gyara mini wuri biyu. Ran Laraba ba ta gane kowa ba. Ran Alhamis kafin la'asar ta cika.

Bayan an rufe ta ka kama rigata ka ce, "Baba, don me ba a sa Inna a ruwa ba?" Na ce maka ba a amince ba tukuna. Ban faɗi wanda bai amince ba. Na ga inda tunaninka ya tafi, na ƙyale shi ya tafi. Wannan shi ne kuskurena na uku, kuma shi ya fi daɗewa.

Baffanka ya zo gaisuwa a kwana na uku. Duk da saɓanin addini bai taɓa yanke mu ba, kuma yana ganin girman Innarka ƙwarai. Da ya ji yadda aka yi, ya kira ni gefe, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Issufu, mu in ruwa ya ƙare mana a hanya, ƙasa muke bugawa mu yi taimama mu yi salla, Allah kuma ya karɓa. Naku addinin ba a yi masa tanadin rani ba ne?" Ba gori yake mini ba, tambaya yake. Na ce, "Yaya, ba haka abin yake ba." Ya ce, "To yaya yake?"

Da damina ta wuce na kai ka Magariya wurinsa don ka shiga lakwal, makarantar boko. Sai da muka je biro, ofishin kumandan, neman takardar haihuwarka. Komi, wato akawun da ke rubutu, wani ɗan Dahome ne, Mushe Feliks a kiran Turawa, ɗan Katolika, ka san shi. Ya tambayi mahaifiya, na ce ta rasu. Ya ce mai bi ce? Na ce tana ajin baftisma mutuwa ta riske ta. Ya ajiye alƙalami.

"Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Akwai ruwa a gidan?"

"Akwai."

"Malam, a wurinmu in mutuwa ta matso, ko ungozoma tana iya yi. Tafin hannu guda ya isa."

Kana waje kana kallon dawakin gardi, dogaran kumandan, ba ka ji ba. Na baro Magariya da wannan magana a kaina. In su ne da gaskiya, wato ruwan nan shi ke wanke zunubi, to na zauna kusa da randa cike na bar matata ta tafi ba wanka. Shekara biyar ina noma ina wa'azi a ƙauyuka da wannan a ƙirjina. Da aka ce ana neman wanda za a tura makaranta, na miƙa hannu. Mutane sun ce himma ce. Amsa na tafi nema, kuma amsar da za ta wanke ni nake so. Daga can ne na riƙa rubuto maka duk ƙarshen damina cewa tafki ya cika, ka je a yi maka. Ba don na ga ka shirya ba. Tsoro ne kawai, kada abin ya same ni sau biyu. Ka yafe mini waɗannan takardun.

Yanzu ga abin da na samo a shekara uku, zan faɗa maka daidai gwargwadon sanina. Malamanmu suna koyar da cewa Almasihu ne ke ceto, ta wurin bangaskiya, baftisma kuwa shaida ce da biyayya: mutum ya tsaya a gaban jama'a ya nuna an binne tsohon ransa, ya tashi da sabo. Wasu masu bi, kuma suna da yawa a duniya, sun fi mu daɗewa, suna cewa Allah da kansa yana aiki a cikin ruwan, ba alama ce kawai ba. Na bi Littafi daga farko har ƙarshe ina rubuta kowane wuri da ya taɓo zancen. Akwai wuraren da in ka karanta su kaɗai za ka ce ruwan dole ne. Akwai wuraren da aka karɓi mutum ba a ambaci ruwa ba sam. Ban ɓoye wa kaina ko ɗaya ba, kai ma kada ka ɓoye in ka zo karantawa.

Don kada in ɗora wa mutane abin da ba su faɗa ba, na rubuta wa Mushe Feliks na roƙe shi ya tambayi limaminsu game da mace irin Innarka. Amsa ta yi wata huɗu kafin ta zo. Ya ce a koyarwarsu, wanda ya nemi baftisma da zuciya ɗaya mutuwa ta riga shi, ana lissafa masa nemansa. Na karanta takardar a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ka ga ke nan, masu cewa alama ce da masu cewa ya fi alama, ba wanda ya rufe wa Innarka ƙofa. Ni kaɗai na rufe mata, kuma ƙofar tafki ce, ba ni da mabuɗin wata.

Inda na tsaya shi ne nan. Ruwa ba ya ceto. Na gwada shi a gora na gani. Amma ba na ƙara cewa "alama ce kawai", don kalmar "kawai" ɗin nan na so in ɓuya a bayanta. Ka san yadda ake ba mutum gona a ƙasarmu. Maigari ya ce na ba ka, gona ta zama taka tun daga wannan magana. Bayan haka sai a taru a zaga, a dasa gamba a kan iyaka, kowa ya gani. Gamba ba ta ba da gona. Amma ka tambayi wanda aka ba gona aka ƙi dasa masa iyaka yadda yake ji in ya wuce ta gaban mutane. Innarka an ba ta gonarta, wannan ba na shakka. Abin da take so shi ne ta tsaya a gaban matan rijiya, waɗanda suka ƙi haɗa guga da ita, ta shiga ruwa da ƙafarta su gani. Ba ta iya faɗa da baki a gaban maza ba, amma da jiki za ta iya. Wannan na ƙwace mata. Amsar da na samo ta kwantar mini da hankali a kanta, ba ta wanke ni ba.

A asibiti za ka tsaya a kan mutane da yawa a sa'arsu ta ƙarshe, fiye da yadda ni zan taɓa tsayawa. In Musulmi ya ce a juya shi gabas, juya shi, ka kira masa wanda zai laƙƙana masa kalma. In ɗan Katolika ya ce a kira limaminsu, ka aika da gudu. In wani ya roƙe ka abin da ba ka tabbata ya halatta ba, kuma ba zai cuce shi ba, kada ka tsaya karanta masa doka. Mai mutuwa ba ɗan aji ba ne. Ka kuma riƙa rubuta wa Baffanka. Shekara takwas ya ciyar da kai, bai taɓa tilasta maka sallarsa ba, bai taɓa zagin ubanka a gabanka ba, alhali ya san abin da ka karanta yau. Ni na roƙe shi ya yi shiru.

Game da taka baftisma, daga yau na daina tambaya. In ka ƙi, ka ƙi don ba ka gaskata ba, wannan tsakaninka da Allah ne, kuma kana nan ɗana. Amma kada ka ƙi don Bature, bai yi maka komai ba. Kada kuma ka ƙi don Innarka, ita da ƙafarta ta nemi ruwan nan har ranar da ta daina magana. In don ni ne, to ka san don ni ne, ka riƙe ni da laifina, kada ka ɗora wa tafki.

Mai raƙumi ya aiko yana ɗaure kaya. Ubangiji ya kai ka Damagaram lafiya, ya kai ka Yamai lafiya. Ya tsare ka daga ciwon da za ka riƙa taɓawa da hannu, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa hannunka ya zama mai sauƙi a kan marasa lafiya. Ya ba ka zuciyar Innarka, ya rage maka irin tawa. Amin.

An koya mana a makaranta cewa in mutum ya gama faɗin abin da ya sani, ya faɗi wanda bai sani ba. Ga nawa.

Ban san abin da Allah yake yi a cikin ruwan ba a daidai lokacin da aka nutsar da mutum. Na san na ji wani abu, ban san sunansa ba.

Ban sani ba ko da na ɗebo moɗa guda ran Talatar nan, ikkilisiya za ta kira shi baftisma. Ban sani ba ko zai canza wani abu a wurin Allah. A fuskarta dai na san zai canza.

Ban san abin da leɓenta ya faɗa ba ran da na yi mata tambaya a gaban dattawa. Ina kusa da ita fiye da kowa, ban sunkuya na saurara ba.

Ban sani ba ko ta yafe mini. Wata shida muna ci a gida ɗaya bayan na ja layin nan, ban tambaye ta ba.

Ban sani ba ko kai za ka yafe. Wannan kaɗai ne a cikinsu yake da wanda zan iya tambaya, kuma na tambaya.

Ni ne mahaifinka,
Issufu